Ƙusa mai kama da tauraro ta cinye a hannuna, ina mafita?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema tun ban ƙara ɓata abin da na riga na ɓata ba. Motata ƙirar Jamus ce, mai ja da ƙafafun gaba. Robar shaf (sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa taya) ta ciki, wadda ke gefen giyabos, ta yage, giris ya watsu ko'ina. Na samo sabuwar roba na ce bari in canza da kaina, tunda na saba da ƙananan ayyuka irin juyen baƙin mai da canjin fulogi.

Ƙusoshi shida ne suka haɗa shaf ɗin da giyabos. Kansu zagaye ne, ramin yana ciki. Na haska da tocila na ga kamar tauraro, sai na ɗauko saitin taurarina, wato ƙarafan kwance ƙusa masu bakin tauraro, ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya har na sami wanda ya zauna. Huɗu sun kwance, da ƙyar dai. Ta biyar ina cikin ja sai na ji hannuna ya tafi sakayau, ƙarfen ya juya, ita ko motsi. Na sake dannawa ya sake zamewa. Yanzu ramin ya fara zama sumul. Ta shida ban taɓa ta ba. Motar tun jiya tana ɗage.

'Yar Gareji: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai, da me ka ɗage ta? In jak kaɗai ne ya riƙe ta, kada ka sake kai ko da hannunka ƙarƙashinta sai ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Bayan haka ɗauki ɗaya cikin huɗun da suka fita, ka wanke kanta tas, ka sa tsinke ka ƙwaƙule dattin da ke cikin ramin, ka ƙirgo mana haƙoran. Shida ne ko goma sha biyu?

Ɗan Koyo: Tana kan ƙafafun ƙarfe biyu, Yaya, na kuma dannawa tayoyin baya katako. Na wanke, na ƙirga har sau biyu. Goma sha biyu ne. Jiya da giris ya cike ramin ban ga haka ba sam.

'Yar Gareji: To ka ga inda gizo ke saƙar. Wannan ba tauraro ba ce. Sunanta XZN, wasu kuma suna ce mata mai murabba'i uku. In ka zana murabba'i uku ɗaya a kan ɗaya, kowanne ka karkata shi da digiri 30 daga ɗan'uwansa, siffar da za ta fito ke nan: haƙora 12, kowane haƙori kusurwarsa digiri 90. Volkswagen da Audi da Porsche da Mercedes suna yawan sa ta a wuraren da ake ɗaurewa da ƙarfi, irin shaf, kan silinda, kujeru, da wasu sassan ƙafa. Lambobinta da M suke farawa: M6, M8, M10, M12, M14, har sama.

Abin da ya yaudare ka shi ne lissafi. Tauraro haƙoransa 6, tsakanin kowane biyu digiri 60. Ita kuma tsakanin nata digiri 30. Saboda haka tauraron sai ya faɗa rami ɗaya ya tsallake ɗaya, ka ji kamar ya zauna. Alhali rabin haƙoran kawai ya taɓa, su ɗin ma da gefensa mai lanƙwasa yake tura kusurwa mai kaifi. Huɗun da suka fita Allah ne ya taimake ka. Kama da wane ba ta wane.

Kada ka sake sa mata tauraron nan. Ka nemo nata ƙarfen, ka gwada shi a kan waɗanda ka cire har ka sami wanda ya shige daram ba ya girgiɗi.

Tsohon Hannu: Yarinyar nan ta faɗi gaskiya. Ni zan ƙara maka da yadda za ka fitar da ita, don ba wannan ce ta farko da ta cinye a duniya ba.

Ka saki giya, ka juya shaf ɗin da hannu har ƙusar ta zo inda za ka same ta a miƙe, ba a karkace ba. Sannan a taka maka birki don kada shaf ɗin ya juya. Ka wanke ramin har ka ga gindinsa. Yawanci tauraro bakin ramin yake ci, can ƙasa haƙoran suna nan da ransu, datti ne ya rufe su. Ka sa nata ƙarfen, ka ɗauki guduma ka buga shi sau uku ko huɗu har ya kai ƙarshe. Bugun nan aiki biyu yake yi, yana zaunar da ƙarfen, yana kuma girgiza tsatsar da ke cikin zaren. Hannu ɗaya ya danne kan ƙarfen ciki, ɗaya ya ja sanda a hankali. Ba fizga ba, ɗana. Ja ne a natse. In ka ji ta yi ƙara kas, to ta saki.

In hakan bai yi ba, tunda kanta a waje yake, ka kama shi da filaya mai kullewa, ka matse iya ƙarfinka. In shi ma ya ƙi, ka yanke kan gaba ɗaya. Mutane suna tsoron wannan, amma ka sani ƙarfin ƙusa a kanta yake. Da zarar kan ya fita ɗaurin ya tafi, in ka janye shaf ɗin sau da yawa da yatsu za ka warware guntun da ya rage.

Mai Walda: Baba ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara, in duk an yi an gaji, a ɗora noti a kan ƙusar a cike tsakiyarsa da walda. Ka sami sabon kai da za ka kama da sifana, zafin kuma ya sassauta zaren. Amma a wurin nan ni ba zan yi gaggawar kunna wuta ba. Giris ne ko'ina, ga roba, ga robar da ke tsare man giyabos a bayansa. In dole ta sa, a cire kan batir, a goge giris, a maƙala wayar ƙasa kusa da ƙusar sosai, kada wutar ta bi ta cikin boris tana neman hanya.

Direban Dare: Ni dai abin nan yana ci mini rai. Don Allah me ya sami noti mai kusurwa shida da muka sani? Yau tauraro, gobe goma sha biyu, jibi wani mai tsinke a tsakiya. Kwanaki fitilar baya kawai zan canza, sai da na ajiye aikin na tafi neman ƙarfe. Ni ban ga wani dalili ba illa so ake mai mota ya kasa taɓa motarsa, komai ƙanƙantarsa sai ya kai musu. Duk wanda ya ce mini ba haka ba ne sai ya kawo hujja.

Injiniya: Malam Direba, rabin maganarka ina tare da kai, rabi kuma ba na tare da kai.

Inda nake tare da kai: tauraro mai tsinke a tsakiya, da wani mai haƙora biyar maimakon shida da ake samu a jikin wasu na'urorin auna iskar injin, waɗannan kam don a hana hannu aka yi su. Ba a ɓoye ba, sunansu ma na tsaro ne.

Amma asalin tauraron ba don kai aka ƙirƙiro shi ba, don masana'anta aka yi. Ka ɗauki sukundireba mai kuros da kowa ya sani, wanda ke ɗauke da sunan Henry Phillips. General Motors ta fara sa irin ƙusarsa a motocin Cadillac a 1936, ya kuma yi amfani ƙwarai domin yana daidaita kansa a tsakiyar ƙusa. Matsalarsa gefen haƙoransa a gangare suke, ƙarfi na ƙaruwa yana turo kansa waje. Shi ya sa kullum sai ka danna da ƙirji. A 1967 kamfanin Camcar Textron na Amurka ya fito da Torx, wato tauraron da muke magana. Gefensa a tsaye yake, ba ya turo kansa waje, kuma ƙarfin juyawa yana sauka a faffaɗan wuri maimakon a kan kusurwa. Injin da ke ɗaure dubban ƙusoshi a rana yana bukatar haka.

Na biyu, wuri. Ka leƙa injin motar yanzu ka gani ko akwai inda za ka zura tafin hannu. Noti mai kusurwa shida yana bukatar fili a kewayensa don soket ya shiga. Ƙusa mai rami a ciki, ko mai ƙaramin kan tauraro a waje, tana ɗaukar ƙarfi mai yawa a ƙaramin wuri. Ka dubi ta Ɗan Koyo, jikin shaf ɗin yana manne da kanta, babu inda soket zai zauna.

Direban Dare: Na ji ta shaf, Injiniya. To fitilar baya fa, wane ƙarfi take ɗauka? Kuma in don ƙarfi ne, me ya hana su haɗu a kan iri ɗaya? Mota guda sai ka sami iri biyar a jikinta.

Injiniya: Wannan tambayar taka tana kan hanya. Mota ɗaya sassanta daga kamfanoni da yawa suke zuwa, mai yin birki daban, mai yin kujera daban, mai yin fitila daban, kowa da injinan da ya riga ya kafa. Ba ina cewa hakan ya yi wa mai gyara daɗi ba ne. Ni ma ina jin haushinsa.

Direban Dare: To aƙalla mun haɗu a kan haushin. Sauran kuma ina nan a kan bakana.

'Yar Gareji: Tunda an buɗe babin, bari in faɗi waɗanda suka fi cin mutane a wurin aikinmu, don duk dangin matsalar Ɗan Koyo ne.

Tauraro kansa ba ɗaya ba ne. Akwai na ciki mai lamba T, irin T20, T25, T30, T45. Ku lura akwai T27 tsakanin 25 da 30, saiti da yawa ba sa zuwa da shi, mutum sai ya sa 25 ya cinye ƙusa. Akwai na waje mai lamba E, wanda kan ƙusar ne tauraron, soket ɗin ke da ramin: E8, E10, E12, E14, E18. Lambar E ba ta tafiya da lambar T, kada a haɗa su. Soket na yau da kullum yakan ɗan kama kan E, a nan ake ɓata shi. Sai kuma Torx Plus, da ya fito wajen 1990, lambarsa IP. Haƙoransa sun fi faɗi, bakinsu a daƙushe. Tauraro na gama-gari zai shiga cikinsa yana girgiɗi, shi kuwa nasa ƙarfen ba zai shiga tsohon ba. Ga kuma wata mai haƙora shida masu faɗin baki kamar na giya, ana ce mata Ribe ko Polydrive, tana fitowa a Fiat da Alfa Romeo da kan silindar wasu injinan Volkswagen. Daga nesa sai ka rantse tauraro ce.

Ko a cikin masu goma sha biyun ma akwai bambanci. Ta Ɗan Koyo murabba'i uku ce, kusurwa 90. Akwai wata da aka yi da kusurwa shida guda biyu a haɗe, tata kusurwar 120. Ƙirga ɗaya, siffa daban.

Ni dokar da na kafa wa yaran da ke koyo a hannuna: ƙarfe in ya shiga, a girgiza shi da yatsu kafin a ɗora sanda. In ya yi motsi, a cire.

Mai Babur: Hajiya, ki ba ni dama in sako tawa, don ni shekaru na yi ina zagin ƙusoshin kafireto ina cewa ƙarfensu taushi ne da shi. Ashe ƙusar Japan mai kuros ba irin ta Phillips ba ce. Tasu ƙa'idar daban, JIS ake ce mata, kuma sau da yawa za ka ga ɗan ɗigo ɗaya a gefen kuros ɗin. Sukundireban Phillips ba ya cika ramin yadda ya kamata, sai ya riƙa hawa yana gwaguyar bakin. Ranar da na fara riƙe na JIS, ƙusar da na saba dannawa da ƙirji sai ga ta ta manne a bakin sukundireba kamar an sa mayen ƙarfe. Kuma shi yana aiki lafiya lau a kan na Phillips. Masu motocin Japan, ƙananan ƙusoshin nan biyu da ke riƙe faifan birki a wasu Honda, da na jikin na'urorin injin, ku duba su da kyau.

Injiniya: Haka ne. Na ukunsu shi ne Pozidriv, mai lamba PZ, ya fi yawa a kayan Turai. Alamarsa ƙananan zane huɗu tsakanin hannuwan kuros ɗin.

Tsohon Hannu: Ƙusar faifan birkin da Mai Babur ya ambata, kada ma a fara ta da sukundireban hannu. Akwai wanda ake bugawa da guduma, kana buga bayansa yana danna ciki yana murɗawa a lokaci guda. Ƙarfe ne da ba ya amfani da wuta ko iska, kuma tun ina yaro yake fitar da mu kunya.

Amma 'ya'yana, ina karanta ku tun ɗazu, sunaye da lambobi sun yi yawa. Mu da muka tashi, sifana goma, sha uku, sha bakwai, sha tara, da guduma da kurfi, da su muke sauke injin mu mayar. Ban ce a tsaya a can ba, in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, ni ma akwatina cike yake da taurarin nan yanzu. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya tara ƙarafa ya rasa hannu. Na ga mai saiti guda na alfarma ya ɗora ƙusa a karkace ya kama ta da bindigar iska ta ɗaure noti. Ƙusa kowace iri ce, da yatsu ake fara ta, ta yi zagaye uku ko huɗu salin alin, sannan ƙarfe ya taɓa ta. In ta ƙi tafiya da yatsu, akwai abin da take gaya maka.

Ɗan Koyo: Baba, Allah ya ƙara girma. Wata tambayar: in na fitar da ita, zan iya mayar da huɗun nan da suka fita, in nemo wata mai tsayinsu a madadin ta biyar? Akwai gwangwanin tsofaffin ƙusoshi a gida.

Injiniya: A'a, kada ka yi. Huɗun ma haƙoransu sun ji rauni, wanda zai kwance su nan gaba zai gamu da abin da ka gamu da shi, kuma wataƙila kai ne. Ka sayi shida sababbi.

Gwangwanin kuwa, tsayi da kauri ba su ne kaɗai ƙusa ba. Duba kanta za ka ga lamba: 8.8 ko 10.9 ko 12.9. Lambar da ke kafin ɗigon in ka ninka ta sau goma, za ta ba ka kusan yawan kilon da kowane murabba'in milimita na ƙarfen ke ɗauka kafin ya tsinke. A sauƙaƙe, 8.8 tana ɗaukar kusan kilo 80 a kowane murabba'in milimita, 12.9 kuma kusan 120. In ka sa mai rauni a gurbin mai ƙarfi a jikin shaf, ranar da za ta gaza a kan hanya za ta gaza.

Sannan zare. M10 akwai mai tazarar zare 1.5, akwai mai 1.25. Notin taya ma haka: Toyota da Honda galibi M12 mai 1.5, Nissan da Subaru M12 mai 1.25. A ido ɗaya suke. Zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, mai ƙarfin hali ya ƙarasa shi da sanda, zare ya tafi. Nan maganar Baba ta yatsu take aiki.

Kuma in ka zo ɗaurewa, ka nemo adadin da littafin motarka ya faɗa, ka ɗaure da sifana mai awo, kana tsallakawa daga ƙusa zuwa wadda ke fuskantarta.

Tsohon Hannu: A nan ne ni da Injiniya za mu ɗan ja. Shekara arba'in ina ɗaure shaf ba da sifana mai awo ba, ban taɓa jin wanda ya kwance ba. Hannu yana da nasa awon.

Injiniya: Baba, ban musa hannunka ba, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma hannun nan shekara arba'in aka yi ana gina shi, Ɗan Koyo kuwa jiya ya fara. Sannan ƙusoshin ma sun canza. Da yawa daga na kan silinda, da na sandar fistin, da wasu na ƙafa, yanzu irin masu miƙewa ne. Littafi zai ce ka ɗaure zuwa adadi kaza, sannan ka ƙara digiri 90, wani lokaci ka sake ƙara wani 90. A wannan ƙarin ƙusar tana miƙewa ne har ta wuce inda za ta koma yadda take. Hannu a lokacin zai ji kamar ta fara laushi, duk wanda ya saba zai tsaya, alhali ba a kai ba. Kuma in an kwance ta, ta gama aiki.

Akwai ma na alminiyom. Injin BMW mai lamba N52 jikinsa da maganiziyom aka haɗa, shi ya sa aka sa masa ƙusoshin alminiyom a wurare da dama, don na ƙarfe suna cin jikin. Mayen ƙarfe ba ya kama su, yawancinsu an shafa wa kansu shuɗin fenti. In ka ɗaure su da hannun da ya saba da ƙarfe, sai dai ka ga kai a cikin soket.

Wani abin kuma, kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfin da kake sawa a gogayya yake ƙarewa, tsakanin zare da ƙarƙashin kai. Ɗan abin da ya rage ne ke matse kayan. Saboda haka in ka shafa wa zaren giris alhali littafi busasshe ya ce, awon da ka saba zai matse fiye da kima.

Tsohon Hannu: Na kan silinda kam na sallama, ni ma da awo nake ɗaure su, har da alli nake sa alama don digirin. Amma ka gaya wa yaran cewa sifana mai awo ba ta kwance ƙusa, kuma in ta yi ƙara sau ɗaya a tsaya. Na ga masu ƙara mata biyu uku wai don tabbatarwa. In an gama kuma a mayar da ita ƙaramar lamba kafin a ajiye.

Injiniya: Wannan duk haka yake, Baba, ba ni da abin ƙarawa.

Direban Dare: Tunda ana maganar ɗauri, ku yi wa masu hawa kan wilsifana magana. Taya ta taɓa sace mini da dare, na yi tsalle a kan sifana har ta lanƙwashe, noti ko gezau.

'Yar Gareji: Wannan ciwon kowa ne. Notin tayar yawancin ƙananan motoci tsakanin 90 da 140 yake a awon Nm, wato awon ƙarfin murɗa ƙusa. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a ƙarshen bututu mai tsawon mita ɗaya, ya sa kusan 700. Ka ga ya ninka sau biyar ko fiye. Daga nan sai ƙusa ta miƙe, wata rana ta tsinke. Kuma a duba mazaunin notin: akwai mai tsini, akwai mai zagaye kamar ƙwallo irin na Volkswagen da Mercedes da Honda, akwai mai faɗi da washa irin na wasu wilin Toyota. In aka sa wani a gurbin wani, a bakin layi ɗaya kawai zai taɓa, yana tafiya yana sassautawa. Masu notin sirri kuma, ku san inda makullinsa yake tun kafin ranar bukata.

Mai Walda: Ku ƙara da masu zaren hagu. Babban notin fankar wasu tsofaffin injinan BMW, mai lamba 32, ta dama ake kwance shi. Wasu manyan motoci ma notin tayoyinsu na gefen hagu haka yake, galibi akwai harafin L a jiki. An sha kawo mini wanda aka yi ta ɗaurewa ana zaton kwancewa ake yi. In ƙusa ta ƙi ko motsi, a tsaya a tambaya kafin a ɗauko bututu.

Ɗan Koyo: Na ƙaru ƙwarai. To ga wanda yake gyaran motarsa kawai, ba sana'a ba, me ya kamata ya fara mallaka? Ba zan iya sayen duk abin da aka lissafa ba.

'Yar Gareji: Ba ka bukatar duka. Motarka za ka bi, ba shago ba. Ka ɗauki tocila wata rana ka zagaye ta, ka rubuta irin kawunan da ka gani. Motar Japan kusan duk aikinta sifana 8, 10, 12, 14, 17, 19 ne, da sukundireban JIS. Ta Turai 10, 13, 16, 17, 18, ga taurari na ciki da na waje, ga alanki mai kusurwa shida da ke shiga ramin kan ƙusa, ga XZN. Dalili kuwa, ƙusa mai kauri ɗaya kanta yakan bambanta: M8 a Japan 12 ne, a Turai 13. M10 a Japan 14, a Turai 16 ko 17. Tsofaffin motocin Amurka kuma inci ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, sifana 13 za ta kama shi da sako-sako, ta cinye kusurwa.

Soket ka sayi mai kusurwa shida, ya fi riƙe noti mai tsatsa. Mai goma sha biyu ka bar shi ga wanda aka yi dominsa. Ka sami doguwar sanda ta kwancewa don ka huta da karya racet. Alanki ka saye shi a kan soket, ka tabbatar akwai lamba 7 a ciki, don birkin motocin Turai da yawa shi yake ci, ƙananan saiti kuma sukan tsallake shi. In za ka taɓa bututun birki, akwai sifanarsa mai tsaga wadda ke rungumar noti ta kusan kowane gefe, da buɗaɗɗiyar sifana za ka murje shi nan take. Sai 'yan ƙarafan roba na ɓalle maɓallan jikin ƙofa da bamba, don sukundireba karya su yake yi.

A taurari da XZN ne ba na son a bi araha. Mai taushi murɗewa yake yi a cikin ramin ya tafi da haƙoran ƙusa. Gara ka sayi guda uku masu kyau da ka san motarka tana ci, da ka sayi akwati guda na banza. In kuma wata rana ka sami bindigar iska, baƙaƙen soket ne nata. Masu ƙyalli fashewa suke yi, ɓarɓashin yana iya samun ido.

Mai Babur: Da man sassauta tsatsa. A fesa tun dare, a bar shi ya kwana.

Ɗan Koyo: Jama'a na dawo. Na samo saitin XZN, na gwada a kan waɗanda na cire, M10 ne ya zauna daram, ko kaɗan ba ya motsi. Na fara da ta shida, ja ɗaya ta saki, har na yi mamakin sauƙin. Ta biyar na bi yadda Baba ya ce. Na ƙwaƙule ramin da tsinke, abin da ya fito na busasshen giris da ƙasa ya kusa cika rabinsa, can ƙasa kuwa ga haƙora nan lafiya. Na buga ƙarfen da guduma sau huɗu, ƙanena ya taka birki, na danne da hagu na ja da dama a hankali. Na farko shiru. Na ƙara bugu biyu na sake ja, sai na ji kas. Ta fito. Shaf yana ƙasa yanzu, na wanke haɗin da robar ke rufewa ina jiran sababbin ƙusoshi shida. Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba, Yaya, Injiniya da sauran.

Tsohon Hannu: Madalla, ɗana. Kafin ka zare ƙwallayen haɗin ka sa alama a gefen da ke kallon giyabos, don ya koma yadda ya fito. Kuma ka goge ramukan zaren su bushe kafin sababbin su shiga.

'Yar Gareji: Zoben da ke matse robar fa, wane iri ya zo da ita? In mai kunne ne, akwai filayar da ake matse shi da ita, kada ka sa ta yankan waya. Turo hotonsa mu gani kafin ka ɗaura.